Tsagar da Na Shekara Bakwai Ina Ɓoyewa

Hafsatu, Nura, na san wata rana za ku je dangin babanku a ce muku uwarku ce ta kwashe ku ta gudu, ta kuma kai mijinta gaban hukuma. Ba ƙarya za a yi muku ba. Na gudu, na kai shi. Amma mai gaya muku haka ba zai gaya muku abin da ya faru a ɗakin kakarku Inna ranar da aka yi mini ƙaho ba, shi ya sa nake rubutawa yanzu tun ban manta ba. Karatuna na ajin manya ne, shekara biyu kacal, inda kuka ga alƙalami ya karkace ku yi haƙuri. Ni mutum ce mai yawan fargaba, kullum gani nake kamar ba zan kai lokacin da za ku yi hankalin tambayata ba.

A wani ƙauye kusa da Magarya na tashi, a ƙasar Nijar. Mahaifiyata, don dai ku sani ne zan faɗi sunanta, Asabe, ta rasu ina 'yar shekara takwas. Mahaifina ya yi arewa neman abinci bai dawo ba, sai ƙanwarsa ta riƙe ni. Abin da na sani game da uwata kaɗan ne. Na san 'yar Nijeriya ce, in an tambaye ta garinsu sai ta ce ƙasar Kano, ni kuwa sai na ɗauka cikin birnin Kano take nufi. Ina da tsaga uku gajeru a gefen kunnena na hagu, duk ƙauyen babu mai irinta, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

Babanku fataucin awaki da kanwa yake yi tsakanin nan da can. Wata rana ya yi sallama a ƙofar gidanmu yana tambayar wata Asabe. Gwaggo ta ce ai ta daɗe da rasuwa, ga dai 'yarta nan. Da ta tambaye shi inda ya san ta, sai ya ce a kasuwa ya ji sunan. Daga nan duk zuwan da zai yi sai ya biyo. Kada wani ya ce muku dole aka yi mini, ni na so shi. Yana da fara'a, yana da iya zance, in ya yi dariya har kafaɗunsa rawa suke. Ranar da zai taho da ni bayan an ɗaura aure, bai bi ta titi ba. A kan babur muka ratsa daji, ya ce in rufe fuska in yi shiru, don in ma'aikatan kan iyaka suka gan ni ba takarda za su mayar da ni. Na riƙe rigarsa gam ina gode wa Allah da ya ba ni miji mai dabara. Haka ya kawo ni ƙauyensu a gefen Kiyako.

Tun makon farko ya shimfiɗa mini dokoki, kuma duk da sunan kiyaye ni. Kada in yi magana a cikin mutane, don harshena na mutanen can ne, ina cewa likita a inda ake cewa asibiti. Kada in yarda a rubuta sunana a kowane littafi. In masu rigakafi sun shigo, Inna ce za ta miƙa musu yaro, ni in shige ɗaki. Babbar dokar kuwa ita ce ta tsagar. Ya ce tsagar Nijar ce, da ita ma'aikatan shige da fice suke gane baƙo tun daga nesa. Don haka na koyi ɗaura ɗankwali har ƙasan kunne, ko wanka zan yi sai na duba katanga. Matan ƙauyen suna tsokanata wai ko kunnen zinare gare ni. Sai in yi murmushi in ƙara jan ɗankwalin.

Bayan haihuwarki, Hafsatu, aka fara dukan. Ba zan lissafa muku ba. Abin da nake so ku gane shi ne dalilin da ya sa na zauna. A ƙauyen nan in miji ya taɓa mace sai ta yi yaji, ta tafi gidansu, shi kuma ya bi ta biko da kunya a fuskarsa, iyayenta su wanke shi tas kafin su ba shi ita. Ni ina zan je? Ranar da na fara cewa zan gaya wa mai unguwa, bai ko ɗaga murya ba. Yana wanke hannu ya ce:

"Je ki mana. Mai unguwa zai tambaye ki takarda. Gobe mota ta zo ta kai ki kan iyaka ta sauke. Yarinya kuwa 'yar Nijeriya ce, a nan za ta zauna."

Wannan maganar ita ta ɗaure ni, ta fi kowace igiya. In na ji ƙugin mota ta tsaya a bakin hanya sai in sure ki in shige bayan rumbu. In na ga mutum da kaki, ko da mai gadin makaranta ne, sai fitsari ya kama ni.

Ba kullum ake dukan ba, kuma wannan ma gaskiya ce da ya kamata ku sani. Akwai wata damina ina da cikinka, Nura, ba abin da nake sha'awa irin gumba. Sai ga shi da la'asar ya dawo da ita a ƙulle cikin leda, har da ɗan tsamin nono. Ya ce wata tsohuwa ce da ya sani ta rasu a Sara, ya tsaya ya yi ta'aziyya aka ba shi sadaka, sai ya tuna da ni. Na zauna a bakin ƙofa na cinye ta tas, na lashe ledar, na ce Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah, ya sa ta huta. Ya ce amin. A raina na ce ashe dai yana sona.

Shekarar da komai ya juya, Nura, kana da shekara biyu. Zazzaɓi ya kama ka da rana tsaka har ka fara shiɗewa, idanunka suka juye. Babanku yana gona, Inna ta tafi barka. Ban san lokacin da na saɓa ka na yi bakin titi ba, inda ƙaramin asibitin nan yake. Ma'aikacin ya yi maka allura, ya buɗe littafi ya tambayi sunana. Na faɗa. Ya rubuta, ko kallona bai yi ba. Ka farfaɗo, na dawo da kai gida. Kafin azahar labari ya riga ya kai gona. Da babanku ya dawo, da turken akuya ya dake ni, a tsakar gida, ke Hafsatu kina tsaye riƙe da kwanon ruwa. Washegari ya kora awakinsa ya yi kasuwar kan iyaka, ya ce sai bayan kwana biyar.

Bayana ya kumbura, ba na iya kwanciya sai rub da ciki. Inna ta duba ta ce jini ne ya mutu a ciki, in ba a cire shi ba zai zama ciwo, sai an yi ƙaho. Inna tana sona, wannan ba na shakka, amma tana tsoron bakin mutane fiye da komai. Wanzamin ƙauyenmu kuwa abin da ya gani da safe kafin la'asar yana bakin masallaci. Don haka ta ƙi kiransa. Ta fita bakin hanya ta tare wani tsohon wanzami da ke wucewa a kan keke daga Sara, ana ce masa Baba Ilu Bahago. A ganinta baƙo ne, zai yi aikinsa ya tafi da abin da ya gani.

Ya shigo ɗakin Inna da zabirarsa, ɗan siriri, gemunsa fari fat. Na zauna na juya masa baya, Inna ta sauke mini zane kaɗan tana cewa daga kan rumbu na faɗo. Ya daɗe yana kallon bayan. Sannan ya ce:

"Hajiya, rumbun nan naku yana da hannu."

Inna ta ce ya yi abin da ya kawo shi. Ya yi bisimilla, ya kafa ƙaho biyu a kafaɗa, ya zuƙa ya toshe. Na uku a ƙeya yake so ya kafa, ya ce in cire ɗankwali. Na riƙe shi da hannu biyu. Inna ta ce wannan tsohon ai ya haifi ubanki, ta fizge. Na ji iska ta taɓa kunnena. Na kuma ji hannun tsohon ya tsaya.

Ya zagayo ta gefena, ya kama haɓata ya juya fuskata wajen hasken ƙofa. Ya tambaye ni wa ya yi mini wannan tsagar. Na fashe da kuka, na ce ta can ce, ta Nijar, don Allah don Annabi kada ya gaya wa kowa, ina da yara ƙanana.

"Ta Nijar?" in ji shi. "Yarinya, hannuna ne wannan. Duk wanzamin ƙasar nan askarsa gaba take kwantawa, tawa ce kaɗai take kwantawa baya, ni bahago ne. Ga ta ukun nan gajera, motsi kika yi. Ke 'yar Asabe ce?"

Shekara bakwai ba wanda ya ambaci sunan nan a gabana. Na ɗaga masa kai alamar i.

Ya zauna a ƙasa, askar tana hannunsa, ya ba mu labari. Ya ce Asabe 'yar Sara ce, da can duk ƙasar Kano ake ce wa wajen, an aurar da ita ga wani ɗan Nijar da yake zuwa cin rani. Da cikin fari ya tsufa ta dawo gida haihuwa kamar yadda ake yi, a ɗakin uwarta Dije aka haife ni. Ranar suna kakana ya ce dangin uban ba sa tsaga, ƙasar da za a kai yarinyar kuma da nisa, a yi mata shaida ta gidansu ko da wata rana. Bayan arba'in aka tafi da ni. Tun ana jin labari har aka daina. Ya ce Dije ba ta bar fatake sun huta ba, duk mai zuwa wajen Magarya sai ta ba shi sallahu. Daga ƙarshe wani saurayi mai fataucin awaki ya ce zai nemo. Ya je ya dawo ya ce Asabe ta rasu, 'yar kuma an yi arewa da ita ba wanda ya san inda take. Baba Ilu ya ce yana zaune a zauren aka kawo labarin. Ya faɗi sunan saurayin, ya faɗi sunan ubansa, ya ce ɗan wajen Kiyako ne.

Sunan babanku ya faɗa. Bai san a gidan wa yake zaune ba.

Ƙaho ɗaya ya cika ya faɗo daga bayana da kansa, ya gangara har gaban Inna, baƙin jini ya zube a tabarma. Ita kuwa ta toshe baki da tafin hannu tana salati ƙasa-ƙasa. A fuskarta na gane ba ta sani ba. Tsohon ya dube ta, ya dube ni, sai shi ma ya gane, ya sunkuyar da kai. Ni ba kuka nake yi ba a lokacin. Tambaya ɗaya ce ta fito daga bakina, na ce Sarar nan da nisa? Ya ce shi da yake tsoho ma a keke yake zuwa ya koma kafin azahar.

Ban yi tsammanin abin da Inna ta yi ba. Ta tashi ta goge tabarmar, ta wanke hannu, ta shiga ɗakina ta ƙulle kayanku a zane. Na ce mata in na hau titi za a kama ni a raba ni da ku. Ta ce ita ba ta san doka ba, amma ta san ɗanta ya yi ƙarya a babba, ba abin da zai hana shi yi a ƙarami. Bayana ba ya goyuwa, don haka ita ta goya ka, Nura, har bakin titi. Da mota ta tsaya ta kwance ka ta miƙo mini, ta ce:

"Ni ban ga fitarki ba. Ki gaishe da mutanen gida."

Mutanen gida. Ban taɓa jin an ce mini haka ba.

A hanya akwai shingen masu kaki. Na ja ɗankwali, na matse ku har ke Hafsatu kika ce ina ji miki ciwo. Mutumin ya leƙo, ya gaisa da direba, ya ce wa Nura yaro ba ni ƙosanka, ya ɗaga hannu muka wuce. Shi ke nan. Abin da na shekara bakwai ina mafarkinsa ke nan. Kai kuwa ba ka gama cinye ƙosan ba muka isa Sara.

Baba Ilu ya riga mu tafiya, muka same shi a bakin tasha, ya kai mu wani gida mai tsamiya a ƙofa. Wani dattijo ya fito, shi ne Kawu Sale, yayan uwata. A gefen kunnensa na hagu akwai tsaga uku. Mata suka fito, wannan da ita, wannan da ita, har wata tsohuwa makauniya da aka riƙo ta shafa kunnena da yatsa ta ce ita ce. Na tsaya a tsakar gidan kaina ba ɗankwali, ina ta kallon kunnuwan mutane.

Washegari Kawu ya kai ni asibiti a Birnin Kudu, aka duba bayan aka rubuta. Daga nan ya kai ni ofishin walwalar jama'a, wajen wata Hajiya mai tabarau. Na gaya mata komai, amma na roƙe ta kada maganar ta kai kunnen 'yan shige da fice. Sai ta ce ai gara ma in ji daga bakinsu, ta aika aka kira ɗaya daga ofishin da ke kusa. Ya shigo da kakinsa. Na ɗora Nura a cinya na riƙe hannun Hafsatu, na ce a raina sai dai a ja mu tare. Ya zauna ya saurara, ya ce tunda uwata 'yar nan ce, ni 'yar ƙasa ce tun ranar da aka haife ni, shaida kawai za a kawo a yi mini kati. Kawu ya yi hamdala. Ni kuwa na ce, ranka ya daɗe, da a ce ba ni da kawu fa? Da a ce tsagar ta can ce da gaske?

"Da haka ne ma, Malama, duka laifi ne ko a kan wa aka yi shi," in ji shi. "Mai rauni ba takarda ake fara tambayarta ba. Matar ɗan ƙasa tana da hanyar gyara zamanta. Ba aikinmu ba ne mu raba uwa da 'ya'yanta don ta kawo ƙarar miji."

Wannan ta fi ta Baba Ilu girgiza ni. Ashe ko ba tsaga, ko ba dangi, ƙofar a buɗe take tun ranar farko. Ashe mota ba ta taɓa tasowa don ni ba.

Magana ta je gaban alƙali, aka raba auren, aka bar ku a hannuna. Kafin a kai ga haka an zauna a zauren Kawu, babanku ya zo da dattawan ƙauyensu. Ina bayan asabari ina ji. Kawu bai zage shi ba, tambaya ɗaya ya yi masa, me ya sa ya ce wa Dije ba a gan ni ba? Babanku ya ce, da wannan muryar tasa ta wanke hannu:

"Macen da ba ta da dangi ba ta yaji."



Abin bai zo kyauta ba. Babanku ya daina shiga ɗakin Inna, ya ce ita ta kashe masa aure. Sau biyu kacal ta samu ta zo ganinku, a ɓoye, ta ce za ta je dubiya. Kai Nura ka daɗe kana zuwa bakin ƙofa kana kiranta. Ni ma har yau in mota ta tsaya sai gabana ya faɗi, sai na taɓa kunnena sannan in tuna. Takardun haihuwarku suna ƙasan akwatina, ni ke riƙe da su. Na roƙi Baba Ilu ya yi muku tsagar, ya ce ya daina, yanzu zamanin takarda ne, in dai ina so ku san gida in gaya muku da baki. Ga shi ina gaya muku.

Saura abu ɗaya. Tun ranar da na iso nake tambayar kakata Dije, ana cewa in huta tukuna. Sai bayan kwana uku matar Kawu, Larai, ta zaunar da ni muna tsince wake, ta ce Dije ta rasu damina uku da suka wuce, har ta cika tana cewa a ci gaba da tambayar fatake. Na ƙirga da yatsu, na ga lokacin ina da cikin Nura. Larai ba ta lura da fuskata ba, ta ci gaba, ta ce abin da ya fi ba ta mamaki mutumin nan har ta'aziyya ya zo, ya zauna a tabarma ya yi addu'a da kowa. Da zai tafi ya ce iyalinsa tana da ciki tana sha'awar gumba.

"Ni na ƙulla masa da hannuna," in ji ta. "Har na zuba ɗan nono."

Waken ya zube daga cinyata. Na tuna bakin ƙofar nan, na tuna ledar da na lashe, na tuna na ce Allah ya jiƙan wannan baiwar Allah shi kuma ya ce amin. Ban ga fuskar kakata ba, ba ta ga tawa ba tun ina kwana arba'in. Abin da ya shiga tsakanina da ita ke nan, gumbar sadakarta da addu'a ɗaya. In kun girma kun je Sara, gida ne mai tsamiya a ƙofa. Ku yi mata addu'a da sunanta, ni ban san shi ba lokacin da na yi tawa.